Yadda za ka karanta littafin baƙin haure na Amurka in kana zaune a Jidda

Da farko dai kada ka tsorata in ka ga Sifaniyanci tsakiyar Turanci, marubucin da gangan ya yi. Ba haka muke yi a nan ba? Mama ta fara faɗa da Hausa ta ƙare da Larabci, "yalla khalas", kuma kowa ya gane. To ka wuce kalmar kawai, sai ta dawo sau uku sannan ka duba a waya, in ba haka ba wallahi shafi biyu za ka yi ka ajiye.

Fara da ƙaramin littafi, ni na Sandra Cisneros na fara da shi, The House on Mango Street na 1984, labarin yarinya 'yar asalin Meziko a Shikago, babi-babinsa gajeru ne sosai kafin shayi ya huce ka gama ɗaya.

Sannan ka lura da wanda ke yi wa wani tafinta, yawanci yaro ne ke fassara wa iyaye a asibiti ko wajen mai gidan haya, kamar dai yadda ƙanwata ke raka kakarmu sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Nan zancen takardu da wariya yake ɓuya. Ka riƙe shekarar 1965 ma, lokacin Amurka ta canza dokar shige da fice, 'yan Asiya da Afirka suka ƙaru.