Ampul da piriz masu wayo sun ƙi jin maganar juna? Ga inda aka fi yin kuskure

Salamu alaikum ƴan uwa. Kwanaki wani Alhaji a Koira Kano ya kira ni yana ta faɗa, wai kayan da ɗanshi ya kawo mishi duk jabu ne, ampul shida, piriz huɗu, da makullin ƙofa ɗaya, ya ce shi dai kuɗi sun tafi a banza. Na je na duba, kayan lafiyarsu lau. Matsalar yare ce kawai. Ka ɗauka ka tara Bahaushe da Bazabarme da Buzu a ɗaki ɗaya babu tafinta, kowa na magana amma ba mai jin wani, to haka Wi-Fi da Zigbee da Z-Wave suke.

Kuskuren farko tun a butik ake yin shi, mutum ya ga an rubuta cewa ana kunna abu da portabul sai ya biya bai juya kwalin ba. Juya kwalin malam. In Wi-Fi ne zai kama akwatin intanet na gida kai tsaye. In Zigbee ne ko Z-Wave, portabul ɗinka ba ya jin wannan yaren sam, sai ka sayi paserel, wato ɗan akwatin da ke yin tafinta, kuma paserel na Zigbee ba ya yi ma Z-Wave aiki.

Shi Z-Wave ma yana da nashi tarkon daban, kuma shi ya kama Alhaji. Na Amurka yana aiki a kan 908 MHz, na Turai 868 MHz. Makullin daga Amurka ya zo, paserel ɗin kuma wani ɗan uwa ya aiko daga Faransa, to ko shekara za ka yi kana danna maɓallin haɗawa ba za su ga juna ba, ba wani saiti da zai gyara wannan sai dai a canza ɗaya. Zigbee bai da wannan ciwon kai don 2.4 GHz yake ko'ina. Amma tunda maganar kayan Amurka ta zo, ku duba wolta, can 120 suke amfani da shi mu nan 220, piriz da anka rubuta ma 120 kaɗai in ka soka shi ƙauri za ka ji.

Sai wanda na fi gani kullum, piriz na Wi-Fi ya ƙi haɗuwa, aplikasiyon na ta juyawa har ya gaji. Yawancin waɗannan ƙananan kayan 2.4 GHz kawai suke kamawa, su kuma akwatunan intanet na yanzu suna haɗa 2.4 da 5 a ƙarƙashin suna ɗaya. Shiga saitin akwatin ka raba su, kowane da sunanshi, ko ka kashe 5 ɗin na ɗan lokaci ka haɗa kayanka sannan ka mayar. Minti biyar ne.

Yanzu Zigbee, nan ne nake so a tsaya a ji da kyau. Kayan Zigbee miƙa ma juna saƙo suke yi hannu da hannu har ya kai paserel, amma masu jone da kuran ne kawai ke miƙawa, masu batir kamar na'urar gane motsi ko ta buɗe ƙofa barci suke yi don kar batir ya ƙare. To sai mutum ya sa ampul a baranda, ita ce gadar da saƙon garaji ke bi, da safe yaro ko mai gadi ya kashe makunnin bango kamar yadda ya saba tun fil azal, shikenan gada ta karye, garaji ya ɓace daga aplikasiyon a ce abu ya lalace. Ga gidajenmu na siminti da rodi a cikin dal suna cinye rezo. Abin da nake yi, ina sa piriz na Zigbee biyu ko uku a wuraren da ba mai taɓa su, su ne gadojin, ampul kuma ban dogara da ita. Kuma ka fara haɗa masu kuran tukuna, na batir daga baya, kowane a wurin da zai zauna, ba a kan tabur kusa da paserel ba.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba, Zigbee da Wi-Fi hanya ɗaya suke bi a 2.4, in ka jingina paserel a jikin akwatin intanet suna danne juna. Nisanta su ko da mita ɗaya ne. Masu Home Assistant (manhajar sarrafa kayan gida) a kan ƴar kwamfutar Raspberry Pi da kile na Zigbee, wato ɗan USB da ke aikin paserel, kar ku soka kilen kai tsaye kusa da USB 3, ku sa mishi ralanj, in har yanzu yana yankewa ku gwada tasha 15, 20 ko 25 a saitin Zigbee.

Ɗaukewar kuran fa, musamman lokacin zafi a Yamai, masu ƙera kayan nan ba su san wannan rayuwar ba. Paserel da akwatin intanet ku sa su a kan ondiler ko layin pano, ba sa cin wuta da yawa. In ba haka ba masu batir za su yi ta neman uwarsu har batir ya mutu. Kuma ku nemi saitin da ke cewa me ampul za ta yi in kuran ya dawo, ku zaɓi ta koma yadda take, in ba so kake ƙarfe ukun dare gida duka ya haske Hajiya ta tashi da salati ba.

Haɗa kayan kamfani biyu ta intanet, misali aplikasiyon Smart Life da Alexa ta Amazon, yana aiki, amma umurnin sai ya fita ƙasar waje ya dawo, ran da koneksiyon ya yanke ko forfe ya ƙare ka koma tashi da ƙafarka. Ni shi ya sa na fi son tafintan ya zauna cikin gida.

Matter kuma, wato yare na bai ɗaya don kayan kamfanoni daban-daban su ji juna, wanda ya fito ƙarshen 2022 Apple da Google da Amazon da Samsung sunka yarda da shi, kar a ruɗe ku cewa ya gama komi. Tsofaffin kayanka na Zigbee ba za su zama Matter don kansu ba sai paserel ɗinsu ya iya gabatar da su. In kuma kwalin ya ce Matter a kan Thread, wani rezo ne daban mai kama da Zigbee, kana buƙatar abin da zai haɗa Thread da rezon gida, irin su HomePod mini na Apple ko Nest Hub na biyu na Google. Shi dai Alhaji makullin nan har yau yana cikin kwalinshi, muna jiran ɗan ya aiko da kile na 908 daga can inda ya sayo shi.