Yadda zaka gyara kalar hoton shadda da Python, ta fito yadda take a ido

Duk mai saida yadi ta WhatsApp a Legas, ko a Agege yake ko Idi-Araba, ko mai sarowa daga kasuwar Balogun ne, ya san rigimar nan: shadda fara tas a hannu, a hoto ta koma ruwan madara ko ma ɗorawa ɗorawa, ka tura wa hajiya ta biya, kaya ya isa ta kira tana cewa Alhaji ba wannan kalar na gani ba fa. Yawanci ba laifin waya bane, ƙwan fitilar shagon ne, musamman in an ɗauke wuta an koma janareto da ɗan ƙwai mai jan haske. Hoto ɗaya ko biyu sai ka gyara da hannu, amma in kullum sai ka ɗauki hamsin gara ka rubuta ɗan kod da Python, wato yaren ba wa kwamfuta umarni, ya dinga yi maka.

Abin da zamu yi aiki da shi Pillow ne, kayan aikin Python na sarrafa hoto. Ka buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta pip install pillow, amma a cikin kod ɗin from PIL zaka rubuta, kar ya rikita ka, asalin sunan PIL ne wanda Fredrik Lundh ya fara a 1995, Pillow kuma ci gabansa ne daga 2010 sai suka bar tsohon sunan a wajen kira.

Kwamfuta bata san wani ruwan goro ko ruwan makuba ba, lamba kawai ta sani. Hoto ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo kuma lamba uku yake ɗauke da ita, ta ja, ta kore, ta shuɗi, shi ne RGB ɗin da kake gani, kowacce daga 0 zuwa 255. Duka ukun 0 baƙi kenan, duka 255 fari, in suka zo daidai da juna a tsakiya kamar 128, 128, 128 ruwan toka ne. Ja da kore in suka yi sama shuɗi ya yi ƙasa sai ka samu ɗorawa, ka riƙe wannan don nan matsalar tamu take. In ka lissafa 256 sau 256 sau 256 zaka samu kala 16,777,216. Irin rubutun nan mai alamar # shima lambobin ne a wani salo, ImageColor.getrgb("#008751") zai baka 0, 135, 81, koren da aka saba sa wa tutar Najeriya.

To yanzu ainihin aikin. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su ga hoto ya yi ɗorawa sai su ƙara masa haske ko su ƙara ƙarfin kala, wallahi ƙara ɓata shi kake, ɗorawar ce ma zata ƙara fitowa. Shuɗi ne ya yi ƙaranci, shi zaka ɗaga. Amma da nawa? Ba da ka zaka yi ba. Lokacin ɗaukar hoton ka ajiye farar takarda a gefen yadin, a kusurwar hagu ta sama misali, tunda daga can Pillow ke fara ƙirga, 0, 0 kenan. Takardar nan mun san fara ce, don haka duk abin da kamara ta nuna a kanta wanda ba fari ba, aikin fitila ne.

```python
from PIL import Image, ImageOps, ImageStat

hoto = Image.open("shadda.jpg")
icc = hoto.info.get("icc_profile")
hoto = ImageOps.exif_transpose(hoto).convert("RGB")

takarda = hoto.crop((20, 20, 80, 80))
ja, kore, shudi = ImageStat.Stat(takarda).mean
babba = max(ja, kore, shudi)

r, g, b = hoto.split()
r = r.point(lambda x: min(255, int(x * babba / ja)))
g = g.point(lambda x: min(255, int(x * babba / kore)))
b = b.point(lambda x: min(255, int(x * babba / shudi)))

sabo = Image.merge("RGB", (r, g, b))
sabo.save("shadda_gyara.jpg", quality=90, icc_profile=icc)
```

A ce takardar ta bada 240, 225, 180. Kaga shuɗi ya yi baya sosai, kod ɗin zai ninka shi da 240 a raba da 180, wajen 1.33 kenan, kore kuma ɗan kaɗan, ja a barshi yadda yake, kuma wannan ninkin zai bi duk hoton ba takardar kaɗai ba, shi yasa yadin ma yake dawowa hayyacinsa. Mun yanki ɗan fili mun ɗauki matsakaici ne maimakon ɗigo ɗaya da getpixel saboda ɗigo ɗaya zai iya faɗawa kan datti ko inuwa. Wancan min ɗin kuma don kar lamba ta wuce 255 ne. Abu ɗaya dai, kar takardar ta sha haske har ta ƙone ta koma 255 duka, in haka ta faru babu abin da zata gaya maka, sake ɗauka kawai. In hotunan duk a wuri ɗaya ka ɗauka ƙarƙashin fitila ɗaya, lissafin farko ya isa, ka zagaya da shi kan sauran fayil ɗin da for.

Sai bayan wannan ake taɓa haske. ImageEnhance na da Brightness, Contrast, Color da Sharpness, duk salonsu ɗaya: ImageEnhance.Brightness(sabo).enhance(1.1). Lamba 1.0 na nufin a bar hoto yadda yake, 0.0 a Brightness baƙi ƙirin, a Color kuma baƙi da fari. Ni dai a kayan sayarwa bana wuce 1.15 a Color, kamar magi ne a miya, ɗan kaɗan ya isa, in ka kai 1.5 atamfa zata yi kyau a status amma kaya zai dawo maka kuma kai zaka biya kuɗin mota.

Akwai HSV ga mai son juya kala gaba ɗaya, convert("HSV") zai raba maka ita kanta kalar daban, ƙarfinta daban, haskenta daban. Ka lura a Pillow zagayen kalar 0 zuwa 255 ne ba 360 ba kamar yadda ake koyarwa. Wannan na masu zanen talla ne, a hoton yadin sayarwa ban ga dalilin taɓa shi ba, juya bulu ta koma kore alhali baka da koren a shago ai ba gyara bane.

Ga wasu ramuka da ake yawan faɗawa. Tambarin shago da aka yi maka a PNG yawanci RGBA ne, lamba ta huɗu ita ke cewa a ga bayansa ko kar a gani, JPEG kuma bata ɗaukar wannan, zata ce maka cannot write mode RGBA as JPEG, in ka yi convert("RGB") kai tsaye kuma sau da yawa bayan sai ya fito baƙi. Ka manna shi ne da sabo.paste(tambari, (10, 10), tambari), na ukun shi ke kula da bayan. Shi kuma icc ɗin da muka adana tun farko a kod, bayanin irin tsarin kalar hoton ne, wayoyi irin iPhone suna ɗaukar hoto da faɗin kala na Display P3, in ka ajiye JPEG baka mayar da shi ba sai kaga jan ya koɗe. Mai haɗa Pillow da OpenCV, wani kayan aikin hoton daban, kuma ya tuna can BGR suke jerawa, shi yasa fuskar mutum ke fitowa shuɗiya.

In kuma bugawa zaka yi, kalanda ko banar talla wajen masu buga takardu na Shomolu, injinsu da tawada huɗu yake aiki, CMYK, kuma akwai bulu da kore masu ƙyalli a waya da tawada bata iya kawo su. Pillow na da convert("CMYK") amma lissafi ne na sama-sama, baya la'akari da irin inji ko takarda. Ko dai ka karɓi fayil ɗin ICC na mai bugawar ka bi ta ImageCms, sashen Pillow mai aiki da ICC, ko ka bashi RGB ɗinka ya juya da kansa, sannan ka ce sai an buga gwaji ɗaya ka gani kafin a saki sauran.

Kafin ka tura wa kowa, fita da yadin bakin ƙofa inda hasken rana yake, ka kashe wancan tsarin kare ido na waya da ke sa allo ya yi ja-ja, ka haɗa hoton da yadin gefe da gefe. In sun yi daidai ka tura a matsayin dokumen, don WhatsApp na matse hoto in ka tura shi ta hanyar da aka saba.