Yadda za ka zaga wuraren tunawa da kisan Yahudawa da Sinti a Berlin cikin yini ɗaya

Toh 'yan Jos masu zuwa Jamus kos ko taro, in Allah ya kai ka Berlin ka samu yini ɗaya ba aiki, don Allah kar ka ƙarar da shi a shagunan takalma. Sayi tikitin awa 24 na shiyyar AB, wato na cikin birnin Berlin, ka buga shi a ƴar na'urar da ke tasha kafin ka hau jirgi, don in masu duba tikiti suka cafke ka Yuro 60 ne tara, babu wani oga yi haƙuri.

Fara da ƙofar Brandenburg. Gefenta kaɗan akwai filin tunawa da Yahudawan Turai kusan miliyan 6 da 'yan Nazi suka kashe, tubalan siminti ne guda 2,711, an buɗe a 2005. Kar ka tsaya daga baki ka ɗau hoto ka juya, shiga ciki sosai, ƙasar gangarawa take yi har tubalan su fi ka tsawo. Ba suna ko ɗaya a jikinsu, sunaye da wasiƙu da hotunan iyalai suna ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, shiga kyauta ne amma ba sa buɗewa ran Litinin.

Daga nan ka taka cikin lambun Tiergarten wajen majalisar dokoki, nan wurin tunawa da Sinti da Roma yake, wasu ƙabilu ne 'yan tsiraru a Turai, kuma mutane da yawa wucewa suke yi ba su ma lura ba. Sinti fa sun fi shekara 600 a ƙasar Jamus, ba baƙi ba ne, amma aka yi musu rajista aka yi ta kwasarsu, ana ƙiyasin an kashe Sinti da Roma har kusan 500,000 a Turai. Tafki ne zagayayye da dutse mai kusurwa uku a tsakiya, kullum ana sa sabon fure. Abin da ya fi ci min rai shi ne sai 1982 gwamnatin Jamus ta Yamma ta amince kisan ƙare dangi aka yi musu, wurin kansa kuma sai 2012 aka buɗe.

Ni a ganina ainihin ziyarar tana kan layin jirgin S7 ne, don waɗancan biyun gina su aka yi daga baya, wurare biyun da ke kan layin nan kuwa nan abin ya faru. Hau ta gabas ka sauka Raoul-Wallenberg-Straße a Marzahn. A Yulin 1936, ana dab da wasannin Olamfik, 'yan sanda suka tattara Sinti da Roma wajen 600 suka jibge su a fili kusa da maƙabarta da inda ake zubar da ruwan ƙazanta, wai kar baƙi su gan su, daga baya aka tura akasarinsu sansanin kisa na Auschwitz. Yanzu unguwa ce ta dogayen benaye, alluna ne ke ba da labarin, sai ka tsaya ka karanta.

Sai ka juyo da layin dai zuwa yamma ka sauka Grunewald ka bi alamar Gleis 17, wato layi na 17 a tashar. Daga nan jirgin farko ya ɗebi Yahudawan Berlin ran 18 ga Oktoba 1941, kuma a gefen titin jirgin an jera faranten ƙarfe, kowanne da kwanan wata da adadin mutane da inda aka kai su. Bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, kuma ka ɗaga kai ka kalli gidajen masu kuɗi da ke kewaye, wallahi ba a daji aka yi ba. Mu da muka ga rikicin Jos na 2001 da 2008 da 2010 mun san yadda maƙwabci ke rufe taga, duk da dai nasu gwamnati ce ta tsara da littafin lissafi da jadawalin jirgi, ba a haɗa su.

Duk inda kake tafiya ka riƙa duban ƙasa, za ka ga ƙananan faranten tagulla a ƙofar gidaje, Stolpersteine, aikin wani mai fasaha Gunter Demnig ne, an rubuta wane ya zauna nan, shekarar haihuwa da ƙarshensa. Sun haura 100,000 a Turai.

Kar ka hau kan tubalan nan kana selfi, kuma wasan nan na ɗaga hannu irin na Hitler da yaranmu ke yi a Facebook laifi ne a dokar Jamus, kamu ake yi. In lokacin sanyi ne fara da Grunewald, don a Disamba ƙarfe 4 ta yi duhu ya soma, rubutun ƙarfen ba zai karantu ba.