Yadda Za Ka Kare Sirrinka Idan Za Ka Ga Likitan Ƙwaƙwalwa a Katsina

Mutane da yawa a Katsina da Daura suna fama da ciwon damuwa, ko firgicin da ya biyo bayan harin 'yan bindiga, amma suna gudun asibiti saboda tsoron kada maganar ta fita gari, ta ɓata musu aure ko aiki. Tsoron yana da dalili, sai dai doka tana bayan majinyaci, kuma ya kamata ya san yadda zai riƙe haƙƙinsa.

Kafin ka buɗe cikinka ga kowa, ka tabbatar da matsayinsa. Likitan ƙwaƙwalwa dole ne ya kasance yana da rajista da hukumar MDCN mai kula da likitoci, tare da lasisin aiki da ake sabuntawa duk shekara, ma'aikacin jinya kuma yana ƙarƙashin hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa. Tambayar wannan ba rashin kunya ba ce. Wanda ba ya ƙarƙashin wata hukuma, babu inda za a kai ƙararsa a kan ladabin aiki idan ya ci amana, kuma mutanen jihar nan ba su manta da gidajen mari da 'yan sanda suka bankaɗo a Daura da Katsina a 2019 ba, inda aka samu mutane ɗaure da sarƙa da sunan gyaran tarbiyya.

Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar majinyaci, da maganinsa, da zamansa a asibiti, sirri ne. Ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu ko wata doka, ko buƙatar iyayen yaro ƙarami, ko ta waliyyin wanda ba ya cikin halin ba da izini, ko kuma idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙara ƙarfafa wannan kariya.

Inda aka fi samun matsala shi ne cikin gida. A al'adarmu ba a barin mutum ya tafi asibiti shi kaɗai, kuma yayan da ya biya kuɗin kati, ko mijin da ya kawo matarsa, yakan ga cewa yana da ikon jin komai. A ganina wannan kulawa ce mai kyau, amma biyan kuɗi ba ya mayar da sirrin baligi mai hankali ya zama na dangi. Matar da mijinta ke zaune a gefenta, likita yana tambayarta abin da ke hana ta barci, sau da yawa sai ta sunkuyar da kai ta ce babu komai. Saboda haka tun a zaman farko ka roƙi a ba ka lokaci kai da likita kaɗai, ka faɗa masa sunan wanda ka yarda a yi wa bayani da iyakar abin da za a gaya masa, ka nemi a rubuta hakan a fayil ɗinka. Ka kuma tambaye shi a wane hali ne zai yi magana ba da izininka ba, misali idan ya ga rayuwarka ko ta wani tana cikin haɗari.

Idan wurin aiki ya nemi takardar asibiti, ka karanta ta kafin ta bar hannunka, domin galibi shaidar cewa kana buƙatar hutu ta wadatar.

Idan sirrinka ya fita, ka rubuta ranar, da abin da aka faɗa, da wanda ya ji, ka kai ƙorafi a rubuce ga shugaban asibitin, ka ajiye kwafi. In ba a share maka hawaye ba, ka tura shi ga MDCN, wadda ke da kwamitin bincike da kotun ladabtar da likitoci, ko ka nemi lauya, tunda sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa haƙƙin sirri.