Darasi na 7: Jinyar Mura a Gida

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa kan sauko mana da sanyi da ƙura. A nan Sudan, a Mai Wurno da Sinnar da Gadarif, da wuya mutum ya shiga gida a wannan lokaci bai ji ana tari ko atishawa ba.

Ƙwayar cuta da ake kira bairos ce take kawo mura, kuma ire-irenta sun fi 200. Tana bi ta numfashi da ta hannu. Jiki da kansa yake yaƙarta, cikin kwana 7 zuwa 10 sai ta wuce, ko da yake tarin kan ɗan daɗe. Kafson antibayotik da ake saye a kantin magani ba ya taɓa ta ko kaɗan. Asarar kuɗi ne, kuma yawan shansa barkatai yakan sa ya daina aiki ranar da ake bukatarsa da gaske. Abin da ya rage mana a gida shi ne mu sauƙaƙa wa mai mura wahala har ta sake shi.

A fara da hutu da abin sha mai ɗumi. A dafa citta da kanumfari, a sauke, a matsa lemun tsami. Zoɓo mai ɗumi ma yana da kyau, haka kunun tsamiya da romo. Ruwan ɗumi yana sassauta majina, yana kuma kwantar da maƙogwaro. Cokali ɗaya na zuma kafin barci yana rage tarin dare. Amma ku riƙe wannan da kyau: yaron da bai cika shekara 1 ba, kada a ba shi zuma ko da lasa ce, domin tana iya ɗauke da ƙwayar da cikinsa ba zai iya da ita ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi, a dai yawaita ba shi.

Idan maƙogwaro yana ƙaiƙayi, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure har maƙogwaro, a zubar. Babba mai toshewar hanci yana iya yin sirace, amma ban da ƙananan yara, tukunyar ruwan zafi tana iya kifewa a kansu. Na san a gidaje da yawa ana turara bagaruwa ga mai mura. Ni dai ina roƙon a nisanta hayaƙi daga yaro mai tari da mai ciwon asma, don yana ƙara musu shaƙewa. Kuma komai sanyi, kada a kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Iskarsa tana kisa cikin barci.

Zazzaɓi da ciwon jiki, farasitamol ya wadatar. Babba ya sha ƙwaya 1 ko 2 mai miligiram 500, ya bar aƙalla awa 4 kafin ya ƙara, kada ya wuce 8 a kwana ɗaya. A guji asfirin, musamman ga yara.

A ƙasarmu ba kowane zazzaɓi ne na mura ba. Zazzaɓin cizon sauro da na dengi sukan fara da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, sai a ɗauka mura ce. In jiki ya yi zafi sosai ko ana rawar sanyi, a je a gwada jini ranar, balle yaro ko mai ciki. Tarin da ya wuce mako 2 a bincika ko tarin fuka ne. Yaron da ya ƙi kama nono, ko ƙirjinsa ke lotsawa in ya ja numfashi, a garzaya da shi asibiti.

Aikin gida: ku sami agogo ko waya, ku ƙirga numfashin yaro na minti 1 yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50 ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa 40. Saurin numfashi tare da tari alamar ciwon huhu ce, shi ma sai asibiti. Ku rubuta lambar da kuka samu, ku zo da ita aji mu karanta tare.