Yadda Ake Rainon Jariran Kyanwa Domin Sashen Jin Taɓi na Ƙwaƙwalwarsu Ya Ginu

Kyanwa takan haihu bayan ta ɗauki ciki na kwana 63 zuwa 65, kuma ɗan da ta haifa, wanda nauyinsa yakan kai kimanin giram 100, yana zuwa duniya ne idanunsa a rufe, kunnuwansa a toshe. Kafin idanun su fara buɗewa tsakanin kwana na 7 da na 10, da hanci da fata yake gane komai, domin da su yake laluben nono, da su kuma yake bin ɗumin uwarsa. Duk mai son ya raini irin waɗannan jarirai yadda ya kamata, sai ya fara sanin abin da ke gudana a cikin kansu.

Idan wani abu ya taɓa jikin kyanwa, saƙon yakan bi jijiyoyi zuwa laka, ya ratsa wata mahaɗa a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, sannan ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa ta wajen gaba, inda kowace gaɓa take da nata fili, amma fuska da dagin gaba su ne suka fi samun kaso mai yawa. A shekarar 1957 Vernon Mountcastle na Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka ya nuna, a ƙwaƙwalwar kyanwa, cewa ƙwayoyin wannan sashe a jere suke daga sama zuwa ƙasa kamar ginshiƙai, kuma ƙwayoyin ginshiƙi ɗaya wuri ɗaya suke saurare a jiki, irin taɓi ɗaya kuma suke amsawa. A jikin jariri an riga an zana wannan taswira, sai dai ba a kammala ta ba: mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin suna tsirowa fiye da yadda ake bukata, waɗanda aka yi aiki da su suna ƙarfafa, sauran kuma suna zubewa, yayin da rigar kitsen da ke sa jijiya ta yi saurin kai saƙo take ci gaba da kauri.

A mako biyu na farko, aikinka mafi muhimmanci shi ne ka bar uwa ta yi nata. Lasar da take yi musu da harshenta mai kaushi, da cuɗanyar da suke yi da juna wajen neman nono, su ne darasinsu na farko. Ka sama musu kwali mai shimfiɗar tsumma mai tsabta a lungun da babu iska da hayaniya, musamman lokacin hunturu, domin sai sun kai mako 3 zuwa 4 suke iya riƙe ɗumin jikinsu. Ka riƙa auna su sau ɗaya a rana a kan ƙaramin sikeli, ka mayar da su nan da nan; lafiyayyen jariri yakan ƙara giram 10 zuwa 15 kowace rana.

Daga mako na 2 zuwa na 7 hannunka yake da babban amfani. Eileen Karsh ta Jami'ar Temple da ke Philadelphia ta gano a shekarun 1980 cewa a wannan tsakanin ne kyanwa take sabawa da mutum, kuma waɗanda aka riƙa ɗauka na minti 40 a rana sun fi sakin jiki da mutane a kan waɗanda aka ɗauka na minti 15. Ka wanke hannu, ka tallafi ƙirjin jaririn da ƙugunsa tare, ka shafa bayansa da kumatunsa, sannan ka riƙa taɓa daginsa da kunnuwansa a hankali, ka ajiye shi da zarar ya fara kuka ko fizga. Ya fi kyau a raba lokacin kashi-kashi, a kuma bar mutum fiye da ɗaya ya ɗauke shi, ciki har da yara idan babba yana wurin. Da ya fara takawa a wajen mako na 3, sai ka ba shi damar taka tabarma, da yashi, da siminti, da buhu, ya hau ya sauka da kansa. Ina jaddada kalmar “da kansa” ne saboda gwajin Richard Held da Alan Hein na 1963, wanda ya nuna cewa ɗan kyanwar da ya yi tafiya da ƙafafunsa ya iya daidaita gani da motsi, wanda aka riƙa zagayawa da shi a cikin ɗan kwando kuwa ya kasa, duk da cewa abu ɗaya suka gani.

Sai batun gashin baki, wanda nake roƙon kada a bar yaro ya kusance shi da almakashi. Kyanwa tana da kimanin 12 a kowane gefe, kuma ko da yake gashin kansa ba shi da jijiya, saiwarsa cike take da jijiyoyi masu jin ko da motsin iska. Wanda aka yanke yakan sake fitowa, amma kafin nan an hana ƙwaƙwalwa saƙon da take bukata a daidai lokacin da take ginuwa. A 1973 Hendrik Van der Loos da Thomas Woolsey sun nuna cewa idan aka lalata saiwar gashin bakin jaririn ɓera, filin wannan gashi a ƙwaƙwalwa ba ya fitowa yadda ya kamata. Tsarin ɓera ya bambanta da na kyanwa, amma gargaɗin ya isa.

Idan uwar ta mutu ko ta guje su, kai ne za ka maye gurbin harshenta. Bayan kowace shayarwa, ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa ƙarƙashin wutsiya har su yi fitsari da kashi, domin sai wajen mako na 3 suke iya yi da kansu. Madarar saniya takan sa su gudawa, saboda haka ka nemi wadda aka haɗa domin 'ya'yan kyanwa a wurin likitan dabbobi, kuma kada ka raba marayun da juna.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ka iya yi idan ɗan kyanwa ya kai wata guda. Ka riƙe shi, ka kare idanunsa da tafin hannunka, ka sa bayan daginsa ya gogi bakin tebur. Ya kamata ya ɗaga ƙafar ya ɗora ta a kai ba tare da jinkiri ba. Idan ƙafa ɗaya kullum ba ta amsawa, ko yana jan ta a ƙasa, ko yana takawa da bayan dagi, ka kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, ka kuma tafi da takardar da kake rubuta nauyinsa a kai.