Yadda ake kwafe fayil zuwa faifan flofi a MS-DOS

MS-DOS tsohon tsarin sarrafa kwamfuta ne da ake rubuta masa umarni, flofi kuma ƙaramin faifan ajiye fayil ne da aka yi amfani da shi a da. Da farko ka zura faifan cikin ramin A, wato ramin flofi na kwamfutar. Idan sabo ne fil, rubuta FORMAT A: ka danna Enter. Don Allah ka kula a nan: wannan umarni share komai yake yi. Ka tabbata A ka rubuta, ba C ba, domin C shi ne rumbun kwamfutar kanta.

Sai ka rubuta DIR ka duba sunan fayil ɗin. Ba ya wuce haruffa 8, sai ɗigo da wasu 3, kamar WASIKA.TXT.

Yanzu rubuta COPY WASIKA.TXT A: ka danna Enter. Jira ƙaramar fitilar ramin ta mutu tukuna kafin ka zare faifan, don gaggawa a nan ta sha lalata wa mutane aiki. Faifan inci 3.5 da aka saba amfani da shi a da megabait 1.44 kacal yake ɗauka.